JAGORAN SHARI'A A ƘAUYE: WA YA CANCANCI WANNAN AIKI?



Bara, bayan an gama ɗaurin hatsi, wani dattijo daga cikin ɗalibaina na ajin karatun manya ya tsaya har kowa ya watse. Ya zaro wata takarda daga aljihu, a naɗe cikin leda. Ya ce mini: "Malam, duba mini wannan. Yau kwananta tara a hannuna, ban yi barcin kirki ba."

Takardar da Faransanci take, ga hatimi a ƙasanta. Shi a zatonsa an ƙwace gonarsa ne an ba ɗan wansa, don sun daɗe suna jayayya a kanta. Har ya fara neman mai sayen bijiminsa, domin wani mutum a kasuwa ya ce masa in ya kawo jikka 50 zai kashe masa maganar.

Na karanta takardar da ɗan Faransancin da na samu a lakwal. Na ce masa: "Baba, kwantar da hankalinka. Ba a yanke komi ba. Sammaci ne, ana kiranka ka zo a ji ta bakinka. Amma saura kwana uku." Daga nan kuma sanina ya ƙare. Me zai faɗa? Wa zai tafi da shi? Ban sani ba. Washegari muka hau amalanke zuwa babban gari, wajen wani tela da wata ƙungiya ta ba horo a kan doka. Ya saurari tsohon har ya gama. Ya ce masa ya tafi da maƙwabtan gonarsa na gabas da yamma, da dattijon da ya ga rabon farko, kuma kada ya ba kowa ko dala. A ƙarshe an raba gonar tsakanin magada, an rubuta. Bijimin yana nan ɗaure a gidansa har yau.

Irin aikin wannan tela nake so mu yi magana a kai. Da Faransanci ana ce wa mai yin sa parajiris. Mu a nan za mu kira shi jagoran shari'a.

MENE NE JAGORAN SHARI'A?

Jagoran shari'a ba alƙali ba ne, ba lauya ba ne, ba kuma jandarma ba ne. Mutum ne kamar ni da kai, namiji ko mace, manomi ko makiyayi ko mai sana'a. An koya masa manyan dokokin da suka shafi zaman yau da gobe, don ya bayyana su ga jama'a cikin harshen da suke ji.

Ku dubi yadda ake yi a fannin lafiya. Kowane ƙauye ba ya samun babban likita, amma akwai ungozoma da mai ba da taimakon farko. Suna maganin abin da suka iya, abin da ya fi ƙarfinsu su tura asibiti. To, haka jagora yake a fannin shari'a. Aikinsa huɗu ne: ya wayar da kan jama'a, ya ba da shawara, ya taimaka a sasanta, ya nuna wa mutum ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

ME YA SA MUKE BUKATARSA?

Na farko, lauyoyin ƙasarmu kusan dukansu a Yamai suke zaune. Kafin mutum ya zama lauya sai ya ci jarrabawar bak, ya yi shekara huɗu ko biyar yana karatun doka a jami'a, ya ci wata jarrabawa ta shiga aikin, sannan ya yi shekaru yana koyo a ƙarƙashin babban lauya. Mutumin da ya sha wannan wahala ba zai zo ƙauye don rigimar kuyya uku ba. Talaka kuma ba shi da kuɗin kiransa.

Na biyu, harshe. A shekarar 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma mafi yawan takardun shari'a har yanzu da Faransanci ake rubuta su. Mutum na riƙe da haƙƙinsa a hannu, bai san yana riƙe da shi ba.

Na uku shi ne mafi nauyi. Rigimar da ba ta samu mai kashe ta da wuri ba, jini take jawowa. Dattawanmu ba su manta da Toda ba, cikin ƙasar Gidan Rumji, jihar Maraɗi. A watan Oktoba na 1991 rikici tsakanin manoma da makiyaya ya ci rayukan fiye da mutum 100 a can, mafi yawansu mata da yara. Allah ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan rana. Bayan haka, ranar 2 ga Maris 1993, gwamnati ta fitar da babbar dokar karkara, wadda ake kira Kod Riral. Doka ce mai kyau. Amma dokar da ke kwance cikin littafi a biro ba ta hana sanda tashi a bakin burtali. Sai an samu mai kai ta har gindin bishiya.

Ga wani misali. A shekarar 2003 doka ta mai da bauta babban laifi a Nijar. Hadijatu Mani, wata mace daga jihar Tawa, an sayar da ita tana ƴar shekara 12. Da ba ta haɗu da mutanen ƙungiyar Timidriya sun bayyana mata haƙƙinta ba, da labarin dokar bai iso mata ba. Sun tsaya mata har maganarta ta kai kotun ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda Nijar ke cikinta a wancan lokaci. A watan Oktoba na 2008 kotun ta ba ta gaskiya, ta ce a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Manyan lauyoyi ne suka yi magana a gaban kotu. Amma farkon tafiyar, wani ne ya zauna ya saurare ta.

SHARUƊƊAN DA AKE NEMA

Aikin jagora ba aikin gwamnati ba ne da ake shiga ta hanyar jarrabawa. Ƙungiyoyi ne ke zaɓen mutane su ba su horo. Daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan fage akwai ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH, da ƙungiyar mata masana doka ta Nijar, da Timidriya, dukansu an kafa su a 1991. Ta fannin kiwo kuma akwai ƙungiyar makiyaya ta AREN. Kowace da nata tsari. Wasu suna son wanda ya kai kwaleji, wasu sukan karɓi wanda ya gama lakwal ta farko. Amma akwai abubuwan da kowa ke dubawa. Ga su:

1. Karatu da rubutu. Wannan shi ne tushe. Jagora zai karanta sammaci, ya duba kwanan wata, ya rubuta sunayen shaidu, ya riƙe littafin da yake sa kowace magana da aka kawo masa. In ya iya Faransanci ko kaɗan ne, ya ƙara daraja. In Hausa kawai ya iya rubutawa, yana da amfani wajen wayar da kai da sasantawa, sai ya haɗa kai da mai jin Faransanci. Wanda yake jin Fulatanci ko Buzanci ban da Hausa, wannan ya fi kowa amfani a inda manoma da makiyaya ke cuɗanya.

2. Ya zama mazaunin wurin. Wanda ke tafiya cin rani wata takwas a shekara ba zai iya ba. Rigima ba ta jiran mutum ya dawo daga Legas ko Aljeriya. Ana son wanda ya san iyakokin gonaki, ya san dangantakar gidaje, ya san inda burtali ya bi tun kafin a matse shi.

3. Gaskiya. Wanda aka taɓa kamawa ya ci kuɗin ƙungiyar manoma ko na bankin cimaka, ko da ya fi kowa ilimi, bai cancanta ba. Jama'a su ne shaidarsa. Babu takardar makaranta da ke maye gurbin wannan shaida.

4. Riƙon sirri. Mace za ta zo ta faɗa masa abin da ke tsakaninta da mijinta. Magaji zai faɗa masa bashin da mamaci ya bari. In maganar ta fito a majalisar shayi da dare, to aikinsa ya mutu, ya kuma ɓata gida.

5. Rashin ɗaukar ɓangare. Wannan shi ne mafi wuya. Wata rana ɗan uwanka ne zai ci burtali, baƙon makiyayi kuma shi ke da gaskiya. Wata rana dabbobin abokinka ne za su kwana cikin waken marainiya. In ba za ka iya duban ɗan uwanka ka ce masa "Yaya, a nan kai ne ba ka da gaskiya" ba, to bar aikin ga wani.

6. Haƙuri da iya sauraro. Mai ƙara yakan fara labarinsa tun daga kakansa. Ka bar shi ya gama. Sau da yawa gaskiyar maganar a ƙarshe take fitowa. Kuma kada ka ba da shawara sai ka ji ta bakin ɗayan.

7. Ya kasance yana da abin yinsa. Yawancin jagorori aikin sa kai suke yi. Wata ƙungiya takan ba da kuɗin mota ko ɗan alheri, amma ba albashi ba ne. Wanda ya shigo don ya ci abinci da rigimar mutane, zai ƙare yana hura wutar da aka aiko shi ya kashe.

Ina jan hankalin iyayenmu mata da ƙannenmu. Wannan aiki ba na maza kaɗai ba ne. Akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba: duka, auren dole, hana ta gadon gona, ƙwace mata ɗa bayan saki. Ƙauyen da ba shi da jagora mace, rabin mutanensa ba su da jagora.

ME AKE KOYA MASA?

Horon ba ya ɗaukar shekaru. Akan tara mutane na ƴan kwanaki ko ƴan makonni, su koma gida su yi aiki, bayan wani lokaci a sake kiransu a ƙara musu. Ga manyan darussan:

Maganar gona. Dokar 1993 ta yarda da mallakar gargajiya. Gonar da ka gada taka ce ko ba ka da takardar birni. Amma ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo: akwai ta ƙauye, ta komin, da ta gunduma. Mai gari ne ke shugabantar ta ƙauye, tare da wakilan manoma, makiyaya, mata da samari, da magatakarda wanda ya iya rubutu. A can ake yin takardar shaidar mallaka, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Jagora ya san bambancinsu. Yawan rigimar gona daga aro take fitowa. Uba ya ara wa abokinsa gona don zumunci, su biyun suka rasu, ɗiyan wannan suka ce aro ne, ɗiyan wancan suka ce kyauta ce. Takarda ɗaya da an rubuta ranar farko ta isa ta kashe wannan magana.

Maganar kiwo. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa. Ranar 20 ga Mayu 2010 kuma aka fitar da dokar kiwo, wadda ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Burtali da makiyaya da mashaya na jama'a ne, ba mai ikon nome su ko sayar da su. Kowace shekara gwamnan jiha ne ke tsayar da ranar sakin gonaki, bayan an ji shawarar Kofo da wakilan manoma da makiyaya. Kafin ranar, dabbar da ta yi ɓarna mai ita zai biya. Bayan ranar, ba a neman diyyar ɓarna a gonar damina. Manomin da aka yi wa ɓarna ba shi da ikon sarar dabba ko dukan mai kiwo. In ya yi, shi ma ya ɗauki laifi. Hanya ita ce a kira shaidu, a auna ɓarnar, a zauna gaban mai gari da arɗo. Jagoran da ya san waɗannan abubuwa, ya kuma sanar da ranar sakin gonaki a masallaci da kasuwa da rugga, ya yi rigakafin da ya fi magani.

Takardun haihuwa, aure da rasuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa, kuma kyauta ake yi. In lokacin ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali kafin a samu takardar. Wani lokaci alƙalai kan fito zagaye ƙauyuka don wannan aiki. Jagora ne zai tara sunayen yaran da ba su da takarda kafin ranar. Yaron da ba shi da takardar haihuwa zai sha wuya ranar jarrabawa da ranar neman katin ɗan ƙasa.

Matakan shari'a. A maganar gona, gado da aure, sarakunan gargajiya suna da ikon sasantawa. Ana farawa daga mai gari ko arɗo, in ba a daidaita ba a je wajen sarki. In an sasanta, a rubuta takardar sulhu. In ba a sasanta ba, a rubuta takardar rashin sulhu, da ita za a tafi gidan shari'a. A can alƙali yana zama da mashawarta waɗanda suka san al'adar masu ƙara. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara, amma akwai wa'adi. In ya wuce, ƙofa ta rufe. Don haka jagora kullum idonsa na kan kwanan wata.

Taimakon gwamnati. A watan Disamba na 2011 doka ta kafa hukumar ANAJJ, mai taimaka wa marasa ƙarfi a fannin shari'a. An buɗe mata birori a manyan gidajen shari'a, kamar na Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙwanni da Doso. Shawara a can kyauta ce. Talaka, da yaro ƙarami, da macen da aka ci wa zarafi suna iya samun mai kare su ba tare da sun biya ba. Mutane da yawa ba su taɓa jin sunanta ba. Aikin jagora ne ya kai su.

INDA AIKINSA YA TSAYA

Ƴan uwa, a nan nake so ku buɗe kunne sosai. Jagora nagari shi ne wanda ya san iyakarsa.

Ba ya yanke hukunci. Ba ya cin tara. Ba ya kama mutum ko ya tsare dabba. Ba ya shiga gaban mai gari ko sarki, taimaka musu yake yi. Ba ya kiran kansa lauya.

Akwai kuma maganar da ba ta sulhu ba ce. Kisan kai, fyaɗe, sara da makami, bautar da mutum: waɗannan na jandarma ne da ƴan sanda da alƙali. Wanda ya ce a rufe maganar fyaɗe da buhun hatsi don kada a ji kunya, ya zalunci yarinyar sau biyu.

Sannan ku bambanta jagora da dillalin shari'a. Dillali shi ne irin mutumin da ya nemi jikka 50 wajen ɗalibina. Za ku gan shi yana shawagi a bakin biro da tsohuwar jaka a hammata. Alamarsa uku ce. Yana cewa ya san alƙali. Yana yi maka alkawarin nasara tun bai ji ta bakin abokin shari'arka ba. Yana karɓar kuɗi ba ya ba da rasit. Jagora na gaskiya ba ya alkawarin nasara. Wani lokaci ma zai ce maka: "Ba ka da gaskiya, je ka nemi sulhu tun ba ka yi asara ba." Maganar da ɗaci, amma ta fi sayar da bijimi sauƙi.

In kuma aka tambaye shi abin da ba a koya masa ba, ya ce a ba shi lokaci ya je ya tambayo. Matambayi ba ya ɓata. Shawarar da aka bayar da ka, ba da sani ba, tana iya raba mutum da gonar ubansa.

TA INA ZA A FARA?

Wanda yake jin zai iya, ga hanya.

Da fari, ka riƙe ajinka da kyau. Kada ka tsaya a iya rubuta sunanka. Ka kai inda za ka karanta wasiƙa ba mai taimaka maka, ka rubuta abin da aka faɗa a taro, ka yi lissafin fili da na kuɗi.

Na biyu, ka fara da abin da ke kusa. In ƙauyenku na da Kofo, ka dinga halartar zamanta. In ba ta da magatakarda mai ƙwazo, ka ba da kanka. In babu Kofo, ku yi wa mai gari magana a nemi kafa ta. Ka dinga zama inda ake sulhu, bakinka a rufe, kunnenka a buɗe.

Na uku, ka je meri, ko biron Kofo ta gunduma, ko biron ANAJJ, ka tambayi ƙungiyoyin da ke ba da horo a yankinku. Ka sa a rubuta sunanka. Ka tanadi takardar haihuwarka da katinka, don ba ya kyautuwa mai gyara takardun mutane a same shi ba shi da nasa.

Ku kuma jama'ar gari, ranar da aka ce ku ba da sunan wanda za a horar, kada ku duba ɗan wane ne. Kada a ba ɗan mai gari don ɗan mai gari ne kawai, kada a ba wanda ya fi kowa surutu a taro. Ku tambayi kanku: wa za mu iya ba ajiyar kuɗinmu mu yi tafiya? Wa makiyayi da manomi duka za su yarda su zauna a tabarmarsa? Wannan shi ne mutuminku. Ku ba da namiji, ku ba da mace.

Dattijon nan da na ba ku labarinsa bai fasa zuwa aji ba. Yanzu yana haɗa baƙi da kansa. Kwanan baya ya kawo mini ƴarsa, matar aure mai ɗiya uku, ya ce: "Malam, ga wannan, ta fi ni kai. Ka koya mata da kyau, ita za mu bayar in an zo neman jagora." Na rubuta sunanta a ajin mata. Ku ma ku duba cikin garinku tun yanzu, kafin damina ta faɗi, rigimar iyaka ta tashi.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi, amin.